Daga Alƙalami Zuwa Yatsa: Tarihin Koyon Rubutun Jan Yatsa a Wayar Shafa

Gabatarwa

Duk wanda ya lura da hannun matasa a tashar mota ko a harabar makaranta zai ga salo biyu na rubutu a wayar shafa. Wani yana dangwalar haruffa ɗai-ɗai da manyan yatsunsa biyu, kamar kaza na tsintar tsaba. Wani kuwa yakan ɗora yatsa a kan harafin farko na kalma, ya ja shi ta kan sauran haruffan ba tare da ɗagawa ba har ya kai na ƙarshe, sai kalmar ta fito cikakkiya. Wannan salo na biyu shi ne rubutun jan yatsa. An shafe shekaru kusan ashirin ana gwaji, ana faɗuwa, har ana zuwa kotu, kafin ya zauna da gindinsa. A tsawon wannan lokaci tambaya guda ce ta yi ta dawowa: tsakanin mutum da na'ura, wa zai koyi hannun wani? Amsar da aka ƙare a kanta ta shafi kowane harshe da ake rubutawa a waya, har da Hausa.

Tushe Biyu: Tafireta da Rubutun Taƙaice

Abubuwa biyu na ƙarni na 19 ne suka haifi wannan salo. Na farko shi ne jerin haruffan tafireta wanda Christopher Latham Sholes ya tsara a Amurka, kamfanin Remington ya fara sayar da keken rubutunsa a 1874. Ana kiran jerin QWERTY, wato haruffa shida na farkon layin sama. An yi shi ne domin inji mai sandunan ƙarfe, amma da yake akawuna da sakatarori sun saba da shi, sai ya bi su zuwa kwamfuta, daga nan ya sauka a waya.

Na biyu shi ne rubutun taƙaice, wanda 'yan jarida da magatakardan kotu ke amfani da shi domin kama magana yayin da ake yin ta. Isaac Pitman ya fitar da tsarinsa a Ingila a 1837, John Robert Gregg ya biyo da nasa a 1888. A waɗannan tsare-tsare, kalma kan zama zane ɗaya mai lanƙwasa wanda hannu ke yi a bugu guda. Saurinsa ba shi da tamka, sai dai koyonsa kan ci watanni ana haddace alamomi. Tafireta tana nuna wa mutum haruffa a gabansa, amma tana sa shi bugawa ɗaya bayan ɗaya. Rubutun taƙaice yana ba da sauri, amma komai nasa a ka yake. Tarihin da ke tafe labari ne na yadda aka haɗa waɗannan biyu.

Na'urar da Ta So Karanta Hannun Kowa

A 1993 kamfanin Apple ya fito da wata 'yar kwamfutar tafin hannu mai suna Newton, wadda ake rubutu a fuskarta da tsinken roba. Alkawarinta shi ne mutum ya yi rubutu da hannunsa na yau da kullum, ita kuma ta mayar da shi haruffan ɗab'i. Nauyin koyo duka yana kan na'ura ke nan.

Aikin ya fi ƙarfin injin wancan zamani. Hannun Audu daban da na Tanko, kuma mutum ɗaya ma bai cika rubuta harafi iri ɗaya sau biyu ba. Babbar matsalar ita ce gane inda wani harafi ya ƙare, wani ya fara, domin wasu haruffa layi ɗaya ne, wasu biyu, wasu uku, kuma sukan manne da juna. Newton ta riƙa mayar da jimloli wasu kalmomi dabam, har masu zanen barkwanci a jaridu da talabijin na Amurka suka mai da ita abin dariya. An gyara manhajar daga baya, ta kuma inganta ƙwarai, amma sunanta ya riga ya ɓaci. An daina ƙera ta a 1998.

Mutum Ya Koyi Baƙaƙen Na'ura

A shekarar da Newton ta fito, wani mai bincike a cibiyar Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya, David Goldberg, ya gabatar da wata dabara mai suna Unistrokes. Ya ce a ba kowane harafi alama mai layi ɗaya tak. Da zarar an ɗaga tsinke, na'ura ta san harafi ya ƙare, matsalar iyaka ta kau. Haruffan da suka fi yawa a Ingilishi, irin su E da A da T, ya ba su miƙaƙƙen layi domin sauri. Aibin tsarin shi ne yawancin alamomin ba su yi kama da haruffan da aka sani ba, sai an haddace su kamar sabon abajada.

Jeff Hawkins na kamfanin Palm ya ɗauki hanya ta tsakiya. Tsarinsa mai suna Graffiti, wanda ya fito a 1994, shi ma layi ɗaya ne ga kowane harafi, amma ya bar alamomin kusa da siffarsu ta asali. Harafin A ya zama kamar V a kife, ba sandar tsakiya. Harafin T ya zama kamar lamba 7. Jan layi daga hagu zuwa dama yana ba da tazara, jan sa daga dama zuwa hagu yana goge harafi. Da na'urar Pilot ta fito a 1996, an ware wani ɗan fili a ƙasan fuskarta, ɓangaren hagu na haruffa, na dama na lambobi, ana rubuta kowane harafi a gurbin na baya.

Mutane sun yarda su koya saboda kuɗin shiga kaɗan ne. Wani bincike da Scott MacKenzie da abokin aikinsa suka wallafa a Kanada a 1997 ya nuna cewa bayan minti ɗaya na duban jadawalin alamomin, sababbin masu koyo sun rubuta kusan kashi 86 cikin ɗari daidai, bayan minti biyar na gwaji kuma suka kai kusan kashi 97. Darasin da masu ƙira suka ɗauka shi ne mutum zai karɓi sabon salo matuƙar ya ga amfaninsa tun a zaman farko.

Nasarar ta jawo rigima. A 1997 Xerox ya shigar da ƙara yana cewa Graffiti ya shiga haƙƙin ƙirƙirar Unistrokes. A 2003 Palm ya canza zuwa Graffiti 2, inda wasu haruffa kamar i da t da k suka koma layi biyu. Waɗanda hannunsu ya riga ya saba da tsohon tsarin sun koka, domin abin da hannu ya haddace ba ya gogewa cikin sauƙi. An sasanta shari'ar a 2006, Palm ya biya dala miliyan 22.5.

Zamanin Madannai da Shigowar Ƙamus

Yayin da ake wannan a kan na'urorin tsinke, akasarin masu wayar hannu da waya mai madannai goma sha biyu suke rubutu. Yawancin madannan na ɗauke da haruffa uku ko huɗu, sai a yi ta latsawa har wanda ake so ya fito. Kalmar "sannu" kaɗai tana cin latsawa goma sha ɗaya: huɗu a kan 7, ɗaya a kan 2, biyu a kan 6, a ɗan dakata, a sake biyu a kan 6, sannan biyu a kan 8.

Kamfanin Tegic da ke Siyatil, wanda Cliff Kushler da Martin King ke cikin waɗanda suka kafa shi, ya kawo tsarin T9 a shekarun 1990. Tunanin ya samo asali ne daga aikin taimaka wa naƙasassu waɗanda ba sa iya amfani da madannai masu yawa. A T9 sau ɗaya ake latsa kowane madanni, waya ta duba ƙamus ɗin da ke cikinta, ta zaɓi kalmar da ta dace da jerin lambobin. Idan kalmomi da dama suka haɗu a jeri ɗaya, sai ta fara gabatar da wadda aka fi amfani da ita. Wannan ne karon farko da miliyoyin mutane suka saba da barin waya ta yi musu hasashen kalma. A nan kuma aka fara ganin ɓaraka: wanda harshensa ba ya cikin ƙamus ɗin ba shi da zaɓi sai ya kashe T9 ya koma latse-latse.

Kalma Ta Zama Zane

A farkon shekarun 2000, Shumin Zhai na cibiyar binciken IBM da ke Almaden a Kalifoniya, tare da Per Ola Kristensson, ɗalibi daga jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin, suka lura da wani abu. Idan aka bi haruffan kalma a kan allon haruffa da layi, kowace kalma tana barin wata siffa tata. Wannan siffa tana iya zama alamar rubutun taƙaice, kuma ba sai an haddace ta ba, tun da haruffan na nan a gaban ido suna nuna hanya. Sun kira tsarin SHARK, suka gabatar da shi a 2003. A wannan matakin kalmomin da suka fi yawan zuwa kaɗai ake ja, sauran a dangwala. Hujjarsu ita ce abin da masanin harshe George Zipf ya bayyana, cewa kalmomi ƙalilan ne ke ta maimaituwa a kowane zance. A 2004 suka fitar da SHARK2 mai gane dubban kalmomi, wanda ke auna abu uku: siffar zanen, wurin da ya bi a kan allo, da kuma yiwuwar zuwan kalmar a harshe. Daga baya ya zama manhajar ShapeWriter, wadda ta shiga iPhone a 2008.

A nasa ɓangaren, Kushler na T9 ya haɗu da Randy Marsden suka ƙirƙiri Swype a kan irin wannan tunani. Lokaci ya yi musu daidai, domin iPhone da ta fito a 2007 ta kawar da tsinke da madannai, ta bar mutum da yatsa da gilashi, inda kowane harafi ya fi kan yatsa ƙanƙanta. Swype ya fara fitowa a wayar Samsung Omnia II a 2009. A watan Maris na 2010 aka kafa tarihi da shi a kundin Guinness, inda aka rubuta saƙo mai haruffa 160 cikin daƙiƙa 35.54.

Daga nan manyan kamfanoni suka shigo. Nuance ya sayi ShapeWriter a 2010, ya sayi Swype a 2011 a kan kusan dala miliyan 100. Zhai ya koma Google, kuma a 2012 jan yatsa ya shiga allon haruffan Android 4.2. Apple ya ba da damar sanya allon haruffan wasu kamfanoni a 2014, sannan ya kawo nasa mai suna QuickPath a 2019. Shi kuwa Swype an daina haɓaka shi a 2018, bayan dabararsa ta zama ruwan dare.

Waɗanda Suka Nemi a Koma Aji Ɗaya

An yi wasu tsare-tsaren da ba su samu irin wannan karɓuwa ba. Ken Perlin na Jami'ar Niyok ya kawo Quikwriting a 1998, inda tsinke ke fita daga tsakiya zuwa wani yanki ya dawo, kowace fita harafi guda. MessagEase ya taƙaita allo zuwa manyan gidaje tara, ana dangwalar haruffan da suka fi yawa, ana jan yatsa domin sauran. A 2010 aka ga 8pen, wanda yatsa ke kewaya wata da'ira. Kowannensu yana da hujja mai ƙarfi da magoya baya masu kishi. Abin da ya haɗa su shi ne sai mutum ya yarda ya yi kwanaki yana rubutu a hankali fiye da yadda ya saba, kafin ya ga riba. Mai son amsa saƙon gaggawa ba ya da wannan haƙurin.

Japan ce ta nuna inda sabon salo ke iya cin nasara. Rubutun kana na Japananci gaɓa-gaɓa ne, baƙi ɗaya da wasali ɗaya cikin biyar, kamar ka, ki, ku, ke, ko. A tsohuwar waya kowane madanni na ɗauke da jerin baƙi ɗaya, sai an latsa sau biyar kafin a sami ko. Da iPhone ta shiga ƙasar a 2008, salon fizgar yatsa ya bazu: dangwala ta ba da ka, fizga hagu ki, sama ku, dama ke, ƙasa ko. An karɓe shi ne domin madannan suna nan inda aka san su, wasula kuma suna bin jerin da kowane yaro ya haddace a makaranta. Sabon abin da aka ƙara ɗan kaɗan ne a kan tsohon sani.

Yadda Hannu Ke Koyo

A 1967 Paul Fitts da Michael Posner suka bayyana matakai uku na koyon duk wani aikin hannu. Da farko mai koyo yana tunanin kowane motsi. Daga nan ya fara haɗa motsi da motsi, kuskure na raguwa. A ƙarshe hannu ya riƙa yi da kansa, hankali yana wani wuri. Tsofaffin tsare-tsare sun raba waɗannan matakai, suka sa darasi gaba, aiki baya. Rubutun jan yatsa ya haɗe su. Sabon shiga yana bin haruffa da ido, a hankali. Gwani yana fizgar siffar kalma daga ƙwaƙwalwa ba tare da dubawa ba. Amma zanen da su biyun ke yi ɗaya ne, don haka duk saƙon da aka rubuta atisaye ne. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Kalmomin yau da kullum kamar "lafiya" da "na gode" su ke fara zama a hannu, baƙin kalmomi kuwa ido ya ci gaba da yi musu jagora.

Mai koyo yakan gane wasu ƙa'idoji da kansa. Harafin farko da na ƙarshe su ne suka fi bukatar daidaito. A tsakiya ba dole ne yatsa ya taka kowane harafi daidai ba, kusanta ta isa. Yawan taka-tsantsan ma kan rage sauri ba tare da ƙara daidaito ba.

Rabon Hausa a Wannan Tarihi

Sauƙin da mutum ya samu, ƙamus ne ya biya kuɗinsa. Zanen yatsa shi kaɗai ba ya isa ya bambanta kalmomi da yawa. A jerin QWERTY, layin tsakiya ya fara da a, s, d, f, g, h, j, k. Wanda ya ja yatsa daga a zuwa k ya dawo a, ya zana "aka", ya zana "aska", ya kuma zana "afka", domin s da f suna kan hanya. Waya ba za ta raba su ba sai ta san cewa bayan "wanzami ya wasa" aska ke zuwa, bayan "abin da" kuma aka ta fi dacewa. Haka nan baƙi mai ninki ba ya barin alama a zane, "baba" da "babba" hanyarsu ɗaya. Swype ya koya wa masu amfani da shi su yi ɗan kewaye a kan harafin da ake son ninkawa, sababbin manhajoji kuwa sun fi dogara ga mahallin jimla.

Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar a gurbin 'y, suna da tasu matsalar. A allon da ba a ware musu gida ba, sai an danne b ko d ko k an riƙe kafin su fito, yatsan da ke tafiya kuwa ba ya tsayawa ya danne. Saboda haka ƙamus ne zai zaɓa tsakanin "kasa" da "ƙasa", "baki" da "baƙi", "daki" da "ɗaki". Manhajojin Gboard da SwiftKey duka suna da Hausa a cikin harsunansu, kuma a 2018 Google ya sanar cewa Gboard ya kai harsuna da karuruwa 500. Sai dai irin waɗannan ƙamusoshi daga rubutun da ake da shi ake gina su, kuma suna ƙara koyo daga abin da mai waya ke rubutawa. Wanda ya saba zubar da ƙugiya yana koya wa wayarsa kuskure, ita kuma ta riƙa mayar masa da shi.

Akwai kuma batun iyakokin ƙasashe. A Nijar da Cadi da yankunan Kamaru masu amfani da Faransanci, jerin AZERTY aka fi sani. A cikinsa harafin a ya hau farkon layin sama, z yana biye da shi, m ya koma ƙarshen layin tsakiya, w ya sauka ƙasa. Kalmar "zama" ba ta da harafi ko ɗaya da ya tsaya a gurbinsa na QWERTY. Da yake wasalin a ya cika kalmomin Hausa, ɗalibin Maraɗi da ya ari wayar abokinsa na Katsina zai tarar siffofin da hannunsa ya haddace sun canza kusan duka. Karin harshe ma yana shiga ciki. Mai cewa "tahi" ko "hita" a Hausar yamma zai iya ganin waya ta ba shi "tafi" da "fita", idan da daidaitacciyar Hausa kaɗai aka gina ƙamus ɗinta, musamman da yake harafi ɗaya ne tsakanin f da h a kan allo.

Kammalawa

Newton ta ɗora wa na'ura nauyin koyo duka, ta kasa. Unistrokes da ire-irensa sun ɗora wa mutum, mutane ƙalilan suka ɗauka. Graffiti ya rage nauyin ya zama na 'yan mintoci. Rubutun jan yatsa ya raba shi biyu: hannu ya koyi siffofi a cikin aiki, na'ura ta riƙe kalmomi. Wannan rabo yana tafiya daidai ne a harshen da na'ura ta san kalmominsa da ƙa'idojin rubutunsa. Ga ɗalibin Hausa, matakin farko shi ne ya sanya Hausa cikin harsunan allon wayarsa, ya zauna a kan jeri ɗaya, QWERTY ko AZERTY, har hannunsa ya saba. Na biyu shi ne ya riƙa gyara kalmar da ta fito ba ƙugiya ko ba ninki kafin ya tura saƙo, domin kowace kalma da aka rubuta daidai, a waya ko a intanet, tana iya shiga ƙamus ɗin da na baya za su yi rubutu da shi.